Harshe a Matsayin Kayan Koyarwa: Nazari a Kan Kayan Koyar da Ilmin Halittu da Fahimtar Ɗalibi Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Ilmin halittu, watau fannin kimiyya da ke nazarin abubuwa masu rai tun daga tsirrai da dabbobi har zuwa ɗan Adam, shi ne darasin kimiyya da ya fi yawan ɗalibai a makarantun sakandare na Nijeriya. Ta kansa ake bi a shiga karatun likita da jinya da haɗa magunguna da likitan dabbobi. Ɗalibin da ya faɗi wannan darasi a jarrabawar kammala sakandare ya rasa waɗannan hanyoyi, ko da kuwa ya yi zarra a sauran darussa. Wannan ya sa manazarta harkar ilmi suka daɗe suna neman dalilan da ke hana ɗalibai fahimtarsa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙarancin kayan koyarwa: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu madubin likita, babu zane, babu littafi.

Babu mai musun wannan ƙaranci. Sai dai akwai wani abu da yawancin binciken ke tsallakewa, watau harshen da kayan ke magana da shi. Zane yana ɗauke da rubutu, littafi kalmomi ne, madubin likita kuwa sai malami ya faɗa wa ɗalibi abin da zai duba kafin ya gane abin da ke gabansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin abin da bincike ya gano game da kayan koyar da ilmin halittu, ta nuna cewa amfaninsu ya rataya ne a wuyan harshe, sa'an nan ta dubi abin da Hausa ta tanada da kuma wuraren da take iya sa ɗalibi tuntuɓe. An ɗauki Hausa ne a matsayin misali. Masana Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci da sauran harsuna za su ga irin wannan matsala a nasu.

2.0 Kayan Koyarwa da Tarihinsu a Nijeriya

Kayan koyarwa su ne duk abin da malami zai yi amfani da shi don ya kusanto da darasi ga fahimtar ɗalibi. A ilmin halittu ana iya kasa su gida biyar. Akwai halittu na zahiri, kamar ganye da fure da kwaɗo da fara. Akwai kwaikwayonsu, kamar ƙwarangwal ko zuciya ta roba. Akwai zane da hotuna. Akwai na'urori, musamman madubin likita da gilashin hannu mai ƙara girma. Akwai kuma rubuce-rubuce, watau littafin ɗalibi da jagoran malami da takardun aiki. A 'yan shekarun nan bidiyo da manhajar kwamfuta sun shigo cikin jerin.

Bukatar waɗannan kaya ta samo asali ne daga yanayin darasin kansa. Ɗalibi yana fama da matakai uku a lokaci guda: abin da ido ke gani, kamar ganye, abin da ba a gani sai da madubi, kamar ƙofofin iska da ke bayan ganyen, da kuma abin da ba a ganinsa ko da madubi, sai dai a fahimce shi da tunani, kamar yadda ganyen ke haɗa abinci. Kaya suna taimakawa ƙwarai a mataki na ɗaya da na biyu. A mataki na uku kuwa, harshe ne ke ɗauke da kusan dukan nauyin.

Sabon salon koyar da kimiyya ta hanyar gwaji da hannu ya bunƙasa ne bayan Tarayyar Sobiyet ta harba kumbon Sputnik a 1957. A 1958 aka kafa shirin sabunta manhajar ilmin halittu a Amurka, watau BSCS, a 1962 kuma shirin Nuffield ya fara a Ingila. Wannan guguwa ta iso Nijeriya ta hannun Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, watau STAN, wadda aka kafa a 1957, da kuma cibiyar CESAC da aka buɗe a Jami'ar Legas a 1968, wadda ta shirya littattafan kimiyya na sakandare. A 1988 aka haɗe CESAC da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa da wasu hukumomi biyu, aka sami hukumar NERDC. Waɗannan ayyuka sun yi ƙoƙarin musanya misalan Turai da halittun ƙasar nan, sun kuma ƙarfafa wa malamai gwiwa su ƙera kayansu da abin da ke kusa da su. Amma an mayar da tsiro da dabba na gida, an bar harshen yadda yake. Littattafan sakandare duk da Ingilishi aka rubuta su, da shi kuma ake jarrabawa.

3.0 Abin da Bincike Ya Gano

3.1 Binciken Cikin Aji

Yawancin binciken da ake yi a tsangayoyin ilmi na jami'o'in ƙasar nan suna bin tsari ɗaya. Mai bincike zai ɗauki aji biyu, ya yi musu gwajin farko, ya koyar da ɗaya da kaya, ɗaya kuma da baki da allo kawai, bayan 'yan makonni ya sake gwada su. Galibi ajin da aka koyar da kaya shi ke cin maki mafi yawa. Wannan sakamako abin karɓa ne, amma yana da gibi. Sau da yawa mai binciken ne da kansa ke koyar da ajin gwaji, da himmar da ta fi ta kullum. Lokacin gajere ne, ɗokin sabon abu bai gushe wa yara ba. Tambayoyin na zaɓi-ka-cika ne, waɗanda suka fi auna hadda. Babban gibi kuwa shi ne ba a cika rubuta harshen da aka yi magana da shi a ajin ba. Duk wanda ya san makarantun karkara a ƙasar Hausa ya san cewa da zarar malami ya ɗaga zuciyar rago a gaban aji, bayani yakan sauka zuwa Hausa. Ke nan ba a san ko kayan ne suka kawo ƙarin fahimta ba, ko kuwa harshen da kayan suka jawo.

Binciken Abrahams da Millar (2008) a Ingila ya haskaka wannan batu. Sun lura da darussan gwaji 25 a makarantun sakandare, suka gano cewa ɗalibai suna iya yin abin da aka umurce su da hannu, amma ba kasafai suke danganta abin da suka gani da ilmin da ake so su koya ba. Alal misali, ana iya rarake dankalin Turawa, a zuba sukari a ramin, a ajiye shi cikin ruwa, bayan sa'o'i a ga ruwa ya taru a ramin. Kowane ɗalibi zai ga ruwan. Amma dalilin da ya sa ruwa ke ratsa tantani daga inda sukari ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa, wannan ba ya cikin dankalin. Sai an faɗe shi, an tattauna shi, ɗalibin ya maimaita shi da bakinsa. Idan hakan ta faru ga yaran da ke koyo da harshen iyayensu, to, ina ga wanda ke koyo da harshe na biyu?

Johnstone da Mahmoud (1980) sun tambayi ɗalibai a Sikotilan batutuwan da suka fi ba su wuya a ilmin halittu, sai tafiyar ruwa a jikin halitta da ilmin gado suka zo a gaba. Da Bahar da Johnstone da Hansell (1999) suka sake binciken, ilmin gado ne ya fi fitowa, kuma yawan kalmomi masu kama da juna na cikin dalilan. A Nijeriya, Okebukola (1990) ya gwada taswirar ma'anoni, dabarar da Novak ya ƙirƙiro, wajen koyar da ilmin gado da ilmin muhalli, ya ga ta ƙara fahimta mai ma'ana. Jegede da Alaiyemola da Okebukola (1990) sun ga ta ƙara maki, ta kuma rage fargabar darasin. Abin lura shi ne taswirar ma'anoni ba ta bukatar kuɗi. Kalmomi ne a cikin da'ira, da layuka masu faɗin dangantakar da ke tsakaninsu. Watau kayan koyarwa ne da aka gina da harshe zalla.

Game da zane kuwa, ayyukan Mayer (2001) sun nuna cewa hoto da bayani a haɗe sun fi bayani shi kaɗai, kuma fahimta tana ƙaruwa idan rubutun yana dab da sashen hoton da yake magana a kansa, aka kuma cire adon da ba shi da aiki. Wannan ya nuna cewa ko a zane, inda aka sa kalma da irin kalmar da aka sa suna da tasiri.

3.2 Nauyin Kalmomi

Yager (1983) ya ƙidaya keɓaɓɓun kalmomi a littattafan kimiyya na makarantun Amurka, ya gano cewa sababbin kalmomin da ake ɗora wa ɗalibi a shekara sun zarce waɗanda ake sa ran ya koya a darasin baƙon harshe. Ɗalibi Bahaushe kuwa nauyi biyu gare shi: yana koyon Ingilishi, yana kuma koyon kalmomin Girkanci da Latin da ke lulluɓe cikin Ingilishin.

Matsalar ba ta tsaya ga keɓaɓɓun kalmomi ba. Cassels da Johnstone (1985) sun gwada ɗalibai a Birtaniya kan kalmomin yau da kullum da ake amfani da su a darasin kimiyya, suka tarar da yawa suna ba su ma'anar da ba daidai ba, wasu ma suna ba su kishiyar ma'anarsu. Malami yakan tsaya ya bayyana keɓaɓɓiyar kalma, amma ya wuce ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, alhali su ne ke nuna sanadi da sakamako da sharaɗi. Johnstone da Selepeng (2001) sun ƙara da cewa ɗalibin da ke aiki da harshe na biyu yana kashe wani kaso na tunaninsa wajen warware harshen, sai abin da ya rage wa kimiyyar ya ragu. Ƙarshen irin wannan ɗalibi shi ne hadda: zai jero sassan fure ba kuskure, amma a miƙa masa furen rama ya kasa nuna su.

3.3 Harshen Koyarwa

Tun 1953 hukumar UNESCO ta bayar da shawarar a koyar da yaro da harshen uwa. Gwaji mafi shahara a Nijeriya shi ne Shirin Firamare na Shekara Shida na Jami'ar Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, aka fara shi a wata makaranta a Modakeke. An rubuta sababbin littattafan kimiyya da lissafi da sauran darussa, aka koyar da rukunin gwaji da Yarbanci shekara shida, Ingilishi kuma ya zama darasi a hannun ƙwararren malami. Rukunin kwatance ya bi sabuwar manhajar, amma ya koma Ingilishi bayan shekara uku. Rahoton da aka buga a 1989 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza ba, har ma a Ingilishi, kuma sun fi takwarorinsu a fannoni da dama. Masu suka sun ce ƙwararren malamin Ingilishi ya ba rukunin gwaji fifiko. Duk da haka shirin ya tabbatar da abu ɗaya: ana iya rubuta kimiyya da harshen Nijeriya idan masana harshe da malaman kimiyya suka zauna tare.

A Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a shekarun 1970, wanda ya samar da kayan karatu da Hausa don ƙananan azuzuwa. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Ta fuskar doka, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen uwa ko na yanki a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa shi zuwa shekara shida, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi. Ko yaya doka ta juya, ilmin halittu a sakandare da Ingilishi ake yinsa tun asali, kuma ɗalibi yana shiga aji da Hausarsa a ka. Ausubel (1968) ya nuna cewa abin da ɗalibi ya riga ya sani shi ne babban abin da ke tasiri a kan abin da zai koya. Abin da ɗalibi Bahaushe ya sani game da halittu, cikin kalmomin Hausa yake ajiye.

4.0 Hausa da Ilmin Halittu

4.1 Taskar da Ke Akwai

A matakin abin da ido ke gani, Hausa mawadaciya ce. Likita Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya a 1916, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da ƙwari. A 1949 East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, inda aka yi bayanin halittu da Hausa mai sauƙi. A 1987 an buga ƙamusun kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. Saboda haka aikin ba daga tushe za a fara shi ba.

Rumfar mahauta kaɗai ta isa ɗakin gwaji. Yaron da aka taɓa aika sayen kayan ciki ya san huhu da hanta da saifa da ƙoda da tumbi da hanji da matsarmama. Ya san ɓargo da guringuntsi da tantani da laka. Ɗan manomi ya san saiwa da kara da toho da zangarniya da bununi. Darasin halittar da ke rayuwa a kan wata tana cutar da ita yana da misalai biyu a kowace gona: ƙuduji da ke tsotsar saiwar dawa da gero, da kauci da ke fitowa a reshen itace. Balbela da ke bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar misali ce ta zaman da ɗaya ke amfana ba tare da ya cuci ɗaya ba. Yaɗuwar iri kuwa, audugar tumfafiya iska ke ɗaukar ta, ƙarangiya kuma jikin dabba da tufafin mutum take maƙalewa. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, zai buɗe doguwar tattaunawa a kan dacewar tsiro da muhallinsa. Talibambam da ke kududdufi yana nuna rikiɗar halitta fiye da kowane zane. Duk waɗannan kyauta ne, amma ɗalibi ba zai san cewa sunan da ya haddace a littafi shi ne ƙudujin gonar gidansu ba sai an haɗa masa sunayen biyu.

4.2 Wuraren Tuntuɓe

Harshen yau da kullum yana rarraba duniya ne gwargwadon bukatar masu shi, rabon kimiyya kuwa daban ne. Inda rabon biyu ya saɓa, fassara kai tsaye tana haifar da kuskure. Ga misalai shida.

Na farko, jijiya. Wannan kalma ɗaya tana nufin hanyar jini mai fita daga zuciya, da mai komawa zuciya, da zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, har ma da saiwar itace. Malamin da ya nuna zane ya ce wannan jijiya ce, waccan ma jijiya ce, ya rushe bambancin da zanen ke son nunawa. Hausa tana da agara, wadda za a iya keɓe wa igiyar tsoka, sauran kuma a bambanta su da aikinsu.

Na biyu, ƙwayar halitta. A kafafen watsa labarai ana amfani da ita ga mafi ƙanƙantar ginshiƙin jiki mai rai, ana kuma amfani da ita ga abin da ke ɗauke da gado, da kuma sinadarin da aka gina shi da shi. Alhali waɗannan abubuwa ne da ke cikin juna: ginshiƙin yana da cibiya, a cikin cibiyar ɗan Adam akwai zaruruwan gado 46 da suka zo bibbiyu, watau tagwaye 23, kowane zare kuma yana ɗauke da ɗimbin ma'ajin gado. Idan duka sunansu ɗaya, babu yadda za a faɗi cewa wannan yana cikin wancan.

Na uku, ƙwayar cuta. Ana kiran bakteriya da bairos da halittar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro duk da wannan suna. Illar ta wuce ɗakin jarrabawa, domin maganin da ke kashe bakteriya, kamar na tarin fuka, ba ya taɓa bairos mai kawo mura. Daɗin daɗawa, yawancin bakteriya ba sa kawo cuta. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, su ne kuma ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kiran su ƙwayoyin cuta ƙazafi ne da ke toshe darussa uku.

Na huɗu, numfashi. A Hausa shaƙar iska ce da fitar da ita. A ilmin halittu akwai wannan, akwai kuma wani aiki daban da ke gudana a cikin kowane ginshiƙin jiki, inda ake sarrafa sukari don a sami kuzari. Iri mai tsiro yana yin na biyu ba tare da huhu ba. Ɗalibin da aka ce masa tsiro yana numfashi zai yi ta neman hancinsa.

Na biyar, abinci. Manomi yakan ce taki abincin shuka ne, daga nan ɗalibi ya ɗauka tsiro daga ƙasa yake cin abincinsa. Tun ƙarni na 17 van Helmont ya shuka itace mai nauyin laba 5 a tukunya mai ƙasa laba 200, bayan shekara biyar itacen ya kai wajen laba 169, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce oza 2 ba. Shi ya zaci ruwa ne kaɗai dalili. Daga baya aka gano cewa ganye ne ke haɗa abinci daga ruwa da iskar kabon, da taimakon hasken rana. Abin da taki ke bayarwa ma'adinai ne.

Na shida, dabba da jini. A maganar yau da kullum tsuntsu da kifi da ƙwaro ba dabbobi ba ne, kiran mutum dabba kuwa zagi ne. Rabon kimiyya ya tattara su duka a babban gida ɗaya bisa tsarin jiki da hanyar samun abinci, don haka wajibi ne a bayyana wa ɗalibi ma'aunin rabon kafin a nuna masa jadawalin. Haka nan Bahaushe yana danganta gado da jini, har a ce wane jinin wane ne. Wannan ya sa ake rikita rukunin jini da nau'in gadon amosanin jini, watau sikila. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Wanda bai fahimci wannan jimla ba zai zaci cewa in an haifi ɗa ɗaya mai cutar, uku masu biyowa sun tsira. A nan kuskuren harshe yana iya zama kuskuren aure.

4.3 Hanyoyin Samar da Kalmomi

Hausa tana da hanyoyi huɗu da ta saba bi. Akwai faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar garkuwar jiki. Akwai harɗaɗɗen suna mai bayyana kansa, kamar hawan jini da ciwon sukari. Akwai tsira ta hanyar ɗafa-goshin ma-, wanda ya riga ya bayar da mafitsara da mahaifa da mabiyiya. Akwai kuma aro tare da hausantarwa, kamar bitamin da furotin da bakteriya. Babu abin kunya a ɗaya daga cikinsu, domin kalmomin Turai ma haka aka same su. Sunan da Hooke ya ba ginshiƙin jiki a 1665 ma'anarsa ɗan ƙaramin ɗaki. Sunan maleriya daga Italiyanci yake, ma'anarsa mummunar iska, domin an zaci iskar fadama ke kawo ta kafin Ross ya gano rawar sauro a 1897. Zazzaɓin cizon sauro ya fi wannan suna kusa da gaskiyar kimiyya.

Ma'aunin zaɓe shi ne kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, da kuma kiyaye dangantakar kalmomin da ke gida ɗaya. Alal misali, idan aka bar ƙwayar halitta ga ginshiƙin jiki, sai a ce zaren gado da ƙwayar gado da sinadarin gado ga sauran ukun. Inda kalmar gida za ta ɓatar, kamar ƙwayar cuta, aro ya fi aminci.

5.0 Aikin da Ke Gaban Masana Harshe

Masana Hausa sun yi wa fanninsu irin wannan hidima da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Ilmin halittu na sakandare yana jiran makamancinsa. Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ayyuka huɗu.

Na ɗaya, ƙamusu mai harshe biyu wanda ya bi manhajar babbar sakandare batu bayan batu. Jerin kalmomi kawai ba zai wadatar ba. Kowace kalma tana bukatar bayani da Hausa, da misali daga muhallin ɗalibi, da gargaɗi inda ma'anar gida ta saɓa wa ta kimiyya. Ya kamata a shirya shi tare da malaman ilmin halittu, a kuma tuntuɓi mahauta da manoma da makiyaya da ungozomomi, a lura da bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram.

Na biyu, zane-zanen bango da takardun gwaji masu ɗauke da sunaye biyu dab da sashen da suke nufi. Wannan bai saɓa wa koyarwa da Ingilishi ba, domin ɗalibi yana ganin kalmar jarrabawa tare da wadda ya sani.

Na uku, gwada kalmomin a kan ɗalibai kafin a buga su. Kalmar da kwamiti ya amince da ita amma yaro ya fassara ta da wani abu daban ba ta cika aikinta ba.

Na huɗu, gyara tsarin bincike. Maimakon aji biyu, a yi huɗu: kaya da Ingilishi zalla, kaya da tallafin Hausa, babu kaya da Ingilishi zalla, babu kaya da tallafin Hausa. A naɗi maganar aji don a san inda malami ke sauya harshe da dalilin sauyawar. A sa tambayoyin da ke neman ɗalibi ya yi bayani, a kuma sake gwaji bayan watanni. Ta haka ne kawai za a raba tasirin kaya da tasirin harshe. A biranen da aji ke haɗa yara masu harsuna daban-daban, dole binciken ya lura da waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ce, don kada tallafin wasu ya zama cikas ga wasu.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kayan koyarwa suna taimaka wa ɗalibin ilmin halittu, amma taimakonsu yana tsayawa inda gani ya ƙare, daga nan sai bayani. Binciken da aka yi a Ingila da Sikotilan da Amurka da Nijeriya ya nuna cewa batutuwan da suka fi wuya su ne waɗanda ba a gani da ido, kuma nauyin kalmomi na cikin dalilan wahalarsu. An ga cewa Hausa tana da wadatar suna ga abin da ake gani, tana kuma da kalmomi irin su jijiya da ƙwayar halitta da ƙwayar cuta da ke cusa ma'anoni da yawa wuri ɗaya. Malamai suna fassara a aji kullum, kowa da irin tasa, ba tare da jagora ba. Sayen madubin likita ga kowace makaranta aikin gwamnati ne, kuma yana bukatar kuɗi mai yawa. Daidaita kalmomin da za a bayyana abin da ke ƙarƙashin madubin kuwa aikin sassan harsunan Nijeriya ne da tsangayoyin ilmi da na kimiyya, kuma ana iya fara shi da ma'aikatan da ke akwai.